Shekarar da Aka Ce Na Ƙi Dala

Na san abin da kuke faɗa idan kun taru a tsakar gida da Sallah, kuna zaton ina ɗaki ba na ji. Ɗaya zai ce, "Ai Inna ce ta ƙi dala," sai a kwashe da dariya. Har jikokin da ba a haifa ba a lokacin sun ɗauki zancen, duk yaron da aka miƙa wa abu ya maƙe kafaɗa sai a ce ya yi gadon Inna. Ban hana ku dariya ba. Amma tunda Allah ya sa na iya riƙe biro, ba zan bar labarina a bakin waɗanda suka tsinci wutsiyarsa ba. Ku karanta. Wanda ya kai ƙarshe ya ga har yanzu abin dariya ne, ya zo in taya shi.

Na shiga ajin yaƙi da jahilci a shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki. Ina dab da arba'in a lokacin. Damina ɗaya muka fara da Rabi, autarku, ita a firamare ni a ajin manya, shi ya sa har gobe idan tana son tsokanata take kirana 'yar ajinmu. Da na gaya wa Malam, babanku, ya dawo daga kasuwar Kara ke nan yana warin shanu, sai ya dube ni ya ce:

"Asabe, da wane haƙorin za ki ciji boko?"

Na ce, "Da wanda na ciji talaucinka shekara ashirin bai karye ba."

Ya yi dariya har ya ƙware. Washegari ya sayo mini littafin rubutu, amma da yake dillalin shanu ne, ya fi sanin haƙoran bijimi a kan takarda, sai ya sayo mai gida-gida, na lissafi. Malamarmu ta ce ba shi ake so ba. Na ce shi mijina ya sayo, da shi zan yi. Wannan kuskuren nasa shi ya ciyar da gidan nan. Tun ina budurwa nake ɗinkin hula, amma zanen da ake bi a yi ɗinkin maza ne ke yin sa a kasuwa, su karɓi kuɗinka su ba ka abin da suka ba matan gari duka. Ina zaune ina fama da baƙaƙe sai na ga kowane gida a takardar nan kamar sukar allura ɗaya ne. Na fara cike gidajen da biro, ja da shuɗi. Kafin in iya rubuta sunana da kyau na zana hula uku. Na sa musu suna da abin da nake gani kullum: Bakin Kogi, Ƙahon Bijimi, Komar Masunta. Matan unguwa suka fara zuwa kwafa, daga baya na Lajawa da na Dagumawa, kowa ta ajiye ɗan abin da ya sawwaƙa.

Haka muka daɗe muna yi, har waya mai hoto ta zo hannun kowa. Akwai wani bafataken shanu daga Damagaram da yake sauka wurin Malam ran Juma'a. Ya ga Komar Masunta a kan Malam, ya nace sai an sayar masa, Malam ya dawo gida kai ba hula. Ba a jima ba ƙanwar mutumin ta kira ni, sunanta Mariama, ita ma mai ɗinki ce. Ta ce ba hula take so ba, zanen take so. Auta, wadda a lokacin take karatun kwamfuta a jami'ar nan tamu, ta ɗauki hoton takardar ta tura mata, ni kuma na yi magana a waya na bayyana inda ake farawa da inda zare ke juyawa, aka tura mata muryar. Ranar na gane ashe ana iya sayar da abu kuma ya kwana a hannunka. Mariama ta tara matan unguwarsu, suka tara na wata unguwar. Ita ce ke karɓar sefarsu ta ba wanta, shi kuma ya ba Malam naira a Kara. Daga bakinta labarin ya kai Maradi, ya kai zangon Kumasi, ya kai Jidda, har wasu Hausawa da ke Ingila da Amurka suka fara nema. Ban taɓa ganin fuskar Mariama ba, amma ita ta ɗauki sana'ata a ka ta tsallake iyaka da ita. Ku riƙe wannan, domin a kansa komai ya tsaya.

Duk wannan lokacin da naira nake faɗin farashi, ita na sani. Sai ga shekarar da naira ta zube. Kuna da wayo a lokacin, kun tuna yadda mutum zai je kasuwa da kuɗin cefane ya dawo da rabin kwando. Ni ta wajen zare abin ya cije ni. Kowane sabon zane sai an ɗinka shi a hula tukuna an ɗauki hoto, don mai saye ta ga yadda zai fito, kuma zaren daga waje yake zuwa. Ga matan da suke ɗinka mini, ga kuɗin data, ga ɗakin baya da muke zama a ciki, rufinsa ya mutu. Ciniki yana ƙaruwa, kuɗin yana ƙanƙancewa. Wata mai saye daga Jidda ta turo mini murya, tana magana a hankali kamar mai ta'aziyya.

"Inna, ki gafarce ni. Abin da kike karɓa, a nan ko ruwan sanyi ba zai saya ba. Wallahi kunya nake ji in turo."

Auta ta gama jami'a tana jiran a tura ta bautar ƙasa, sai ta zauna ta buɗe mini shago a intanet, inda mutum zai shiga ya zaɓi zane, ya biya da katin banki, hoton da muryar su sauka a wayarsa ko ina barci. Aiki ne mai kyau, ban taɓa cewa ba shi da kyau ba. Amma akwai wuri ɗaya da shagon ya tsaya ya ce sai an zaɓi kuɗin ƙasa guda da za a rubuta farashi da shi. Bayan la'asar ne, Malam yana shan fura a kan tabarma, ta kawo kwamfutar ta ajiye tsakaninmu.

"Inna, dala za mu sa. Duk duniya ta san ta. Naira ta faɗi ko ta tashi, kuɗinki yana tsaye."

Malam ya ajiye ludayi ya ce, "Ku sa sefa. Ni da nake ganin mutanen Nijar kowace Juma'a, da naira suke ciniki a baki, amma a zuci da sefa suke lissafi. Sefa ba ta rawa."

"Baba, wa ya san sefa a Amurka?"

"Wa ya san Amurka a Kara?"

Na bar su suka yi ta yi. Ni idona yana kan rufin ɗakin baya. Na ce a sa dala. Ku ji da kyau, ku masu cewa na ƙi: da bakina na ce a sa, ba wanda ya matsa mini. Kuma ta yi aiki. Mutanen Jidda da Ingila da Amurka suka yi ta saye, ba sa ko tambaya. Kuɗin da ya shigo cikin 'yan watanni ban taɓa riƙe irinsa ba. Na biya masu ɗinki da hannu sake, na sayi rabin kwanon rufi na jingine a zaure. Auta tana tafiya a gidan nan kamar ita ta haƙa kogin Wudil, kuma ta cancanta.

Wadda ta fara tsinka mini jin daɗin ita ce Ladidi, wata bazawara daga Dagumawa da take ɗinka mini kuma take sayen zane don kanta. Ta tambayi kuɗin Bakin Kogi ran Talata, Auta ta duba canjin ranar ta faɗa mata. Ta je ta haɗa, ta dawo ran Asabar, Auta ta sake dubawa ta ce ya ƙaru. Ladidi ta kwance bakin zaninta, ta dubi kuɗin, ta dube ni.

"Yaya Asabe, kogin ne ya cika cikin kwanakin nan har zanensa ya ƙara faɗi?"

Muka yi dariya, na ce ta kawo abin da ta zo da shi. Wannan mai sauƙi ce, tana gabana. Abin da ban lura da shi da wuri ba shi ne Damagaram ta yi shiru. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo, Malam ba ya dawowa da saƙon Mariama. Na tambaye shi, ya ce wanta yana zuwa, suna gaisawa, amma da an ambaci hula sai ya kama zancen kiwo. Na kira ta. Muka gaisa, gida, yara, gajiya, damina, har gaisuwa ta ƙare ba abin da ya rage sai magana.

Na ce, "Mariama, laifin me na yi?"

Ta ce, "Yaya, ba fushi na yi ba. Ni ba ni da katin banki, matan nan ma ba su da shi. Dalar Amurka kuwa ko a hoto ban san ta ba. Da, in mace ta ce nawa ne Komar Masunta, ina tuƙa tuwo zan faɗa mata. Yanzu sai in ce bari in je wurin mai canji. Yau ya faɗi kaza, jibi ya faɗi wani, ya kuma ɗora nasa. Matar da ta biya ran Lahadi ta ji ta ran Laraba ta biya daban."

Ina jin kukan akuya a bayanta. Sannan ta ce:

"A gidan suna aka faɗa, ina zaune. Wai Mariama ta samu gona, ita ke ƙara kuɗin tana ci. Shekara nawa ina tara miki kuɗi, ko tamma ba ta taɓa ɓata ba. Na ce musu kowa ta nemi zanenta da kanta, na fita."

Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, irin ba komai ɗin da kowa ya san da komai. Na gaya wa Auta. Ta ce abin ba daɗi, amma haka kasuwa take, duk matan Damagaram a haɗe ba sa kawo abin da mutum biyar na Amurka suke kawowa. Ba ƙarya ta yi ba, na duba da idona, lissafin da na koya a ajin manya ya isa in gane haka. Amma na kwana biyu ko abinci ba ya mini daɗi. In koma naira, sana'ar ta mutu a hannuna. In zauna a dala, an bar mace da sunan ɓarauniya a garinsu saboda takardata.

Ana cikin haka aka yi wani ruwa da hantsi, muna ɗakin baya da Ladidi da sauran masu ɗinki. Rufin ya fara zuba ta ko'ina, muka yi ta tara kwanuka da bokitai, da suka ƙare na jawo wata tsohuwar tukunya daga ƙarƙashin gado na tara. Ta Iya ce, mahaifiyata, wadda ba ku riska ba. Maginiyar tukwane ce a Lajawa. Ina kallon ruwa yana ɗiga a ciki sai na tuna yadda take sayarwa. Iya ba ta taɓa faɗin kuɗin tukunya ba. Da kaka za ta ɗora mini tukwane a ka mu shiga gida-gida, matar da ta ga wadda take so sai ta cika ta da gero, a juye mana a buhu, ta riƙe tukunyarta. Babba ta ci da yawa, ƙarama ta ci kaɗan. Ba ciniki, ba rantsuwa, ba wadda za ta ce an cuce ta, don da hannunta ta auna, da hatsin rumbunta. An canja kuɗi daga sule zuwa kwabo a zamaninta, Iya ko a jikinta. Ina cikin wannan tunanin Ladidi ta ɗaga hular da take ɗinkawa tana mita.

"Wannan Ƙahon Bijimin naki, Yaya, cin zare gare shi kamar gara. Ƙulli na huɗu ke nan."

Na ce, "Nawa ne ƙullin yau?"

Duk matan ɗakin suka amsa tare, baki ɗaya, ba wadda ta duba waya, ba wadda ta je wurin mai canji. Na zauna a kan turmi ina dubansu. Ashe akwai farashin da duk mai ɗinki ta sani ko daga barci aka tashe ta, a Dagumawa take ko a Kumasi. Kuma zaren nan shi ne yake bin dala yana hawa, shi ne ya hana ni barci tun farko. Na ce a raina, zane tukunya ce, zare ne hatsinta. Mai son zane ta biya kuɗin zaren da zai cika shi, yadda ake sayarwa a kasuwar garinsu, da kuɗin da take cefane da shi.

Da Auta ta dawo na zaunar da ita na faɗa mata. Ta saurara har ƙarshe, don tana da ladabi, sannan ta fara.

"Inna, shagon intanet bai san ƙullin zare ba. Lamba yake so da kuɗin ƙasa ɗaya."

"To a gaya masa."

"Ba a gaya masa, ba mutum ba ne. Kuma wa zai hana mace ta ce zare a garinsu kyauta ake rabawa? Sefa, sidi, riyal, fam, wa zai bi duk wannan? Ni zan tafi bautar ƙasa. Wannan ba kasuwanci ba ne, sadaka ce."

Na ce, "Sadakar ai ita nake yi wa mai canji, da mutuncin Mariama."

"Saboda mace ɗaya za ki rufe ƙofar da ta fi kawo kuɗi?"

"Macen nan ita ce ƙofar. Ke taga kika buɗe."

Wannan maganar ta yi mata zafi, na gani a fuskarta. Ni haka bakina yake, kun sani, ba ya zagaye. Na ce farashi biyu ba zai zauna a zanena ba, ɗaya a shago yana rawa ɗaya a bakina, don gobe matar Damagaram za ta ji na shago ta ce ga shi, dama an faɗa. In shagon ba zai iya ba, a rufe shi. Malam yana gefe yana gyara igiyar shanu, ya ce, "Asabe, ki bari a gama rufin mana tukuna." Na ce rufi zai jira. Auta ta buɗe kwamfutar a gabana ta rufe shagon, ta tashi. Har ta tafi bautar ƙasa can kudu, gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ranar tafiyar ta durƙusa ta ce, "Inna, na tafi." Ba ta ce 'yar ajinmu ba. Wannan ya fi rufin ciwo.

Ba zan yi muku ƙarya in ce abin ya zo da sauƙi ba. Mutanen Amurka da Ingila kusan duk suka ɓace, ba don farashi ba, don ba su da hanyar biya. Kuɗin shiga ya karye. Kwanon rufin da na saya ya ƙare daminar nan a zaure, awaki suna gogar jiki da shi, mu kuma muna ɗinki muna kauce wa ɗigo. Maganar Auta ta masu ƙarya ma ta tabbata. Wata daga Kumasi ta faɗi kuɗin zaren da ko a zamanin Iya ba a sayar haka ba. Na tura mata murya na ce, "Hajiya, tunda a garinku zare ƙasa ce ana ɗiba, riƙe kuɗinki, aiko mini da zaren." Ta turo dariya, ta turo cikon. Wasu kuwa sun ci, na sani, na bar su da Allah.

Amma ranar da na kira Mariama na faɗa mata sabon tsarin, sai ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce, "Wato Komar Masunta ƙulli uku ne, ko wa ya tambaya?" Na ce ko gwamna ne. Na naɗi muryata a waya na tura mata, na ce ni Asabe ta Wudil, ni na sa farashin da ya yi ta hawa da sauka, Mariama ba ta taɓa cin ko tamma ba, duk wadda ta faɗa ta nemi gafararta. Na ce ta kunna musu a gidan sunan da za a yi nan gaba. Ta kunna. Juma'ar da ta biyo baya Malam ya dawo daga Kara yana murmushi, ya zaro sefa daga aljihun babbar riga ya ajiye mini a cinya. Na ce ina nairar? Ya ce ya hana a canja.

"Ki ajiye ta haka. Sai ranar da za ki sayi zare ki canja abin da kike buƙata. Na gaya muku ba ta rawa, kuka ce wa ya san ta."

A nan shi ma ya yi gaskiya, kuma bai bar ni na manta ba har ya koma ga Allah. Matan Damagaram suka dawo, suka jawo na ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. A Kumasi da Jidda ma na samu mace ɗaya ɗaya mai amana da take tarawa. Ba kuɗin dala ba ne, amma ba ya yankewa, kuma ba wadda ta sake tambayata ko kogi ya cika.

Bayan babbar Sallah Auta ta kira ni daga kudu. Muka gaisa sama-sama, sai ta ce:

"'Yar ajinmu, kina da biro a kusa?"

Na ce ina da shi, amma sai da na share ido da gefen mayafi kafin in ɗauka. Ta ce ta yi ta bincike, ta samu wani irin shagon da yake nuna wa kowa farashi da kuɗin ƙasarsa. Za ta sa sefa ga na Nijar, sidi ga na Gana, riyal ga na Saudiyya, naira ga na gida, dala ga waɗanda albashinsu dala ne, kowanne a kan kuɗin zaren garinsu. Wadda ba ta da kati ta ci gaba da ba wakiliyarta. Amma tana da sharaɗi biyu. Na farko, ba za a riƙa bin zare kullum ba, don shi ma yana motsi. Wakilai su faɗi kuɗinsa bayan ƙaramar Sallah da bayan babba, a rubuta, ya tsaya a nan, abin da ya hau a tsakani mu ɗauka. Na ce na yarda, wannan ya fi nawa hankali. Na biyu, ta ce kuɗin zare kaɗai bai isa ba, sai an ɗora wani abu a kai na data da wahalar wakilai da tata, don ita ma ba iska take ci ba. Na buɗe baki zan yi gardama sai na tuna wani abu. Iya ba ta taɓa yarda a shafe bakin tukunya ba. Sai an cika gero ya yi tozo. In matar gida ta yi mita, Iya ta nuna ni ta ce, tozon na yarinyar da ta ɗauko kaya ne.

Na ce, "Ɗora. Tozon naku ne."

Ta ce, "Wane tozo kuma?"

Na ce in ta dawo zan ba ta labari. Da ta dawo na ba ta, ga shi yau na ba ku. Mutanen Amurka wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba har yau. Rufin kuwa sai da wata daminar ta kusa aka buga shi. A ƙarƙashinsa aka yi wa Auta kamu da bikinta ya zo, kuma ranar ce motar shanu ta sauke wata doguwar mata baƙa a ƙofar gida, da ƙullin kaya a ka. Ta yi sallama, tun kafin ta sauke kayan na gane muryar. Muka tsaya muna duban juna. Ta ce, "Yaya, ashe gajera ce ke. A waya kamar za ki kai rufi." Na ce ke kuma ashe duk tsawon nan kika bari aka yi miki ƙazafi a zaune. Muka rungume juna muna dariya, Auta ta zo ta durƙusa ta gaishe ta, ta karɓi kayan da kanta ta kai ɗaki.

Dala tana nan, ina karɓarta har yau, ku tambayi Auta, ita ke riƙe da asusun. Da ita aka biya wa 'ya'yan mutum biyu daga cikinku kuɗin makaranta, har da mai fara ba da labarin nan kowace Sallah. Ban ƙi dala ba. Abin da na ƙi shi ne a kira Mariama ɓarauniya a kan zanena. In za ku ba jikokina labarin, ku ba su da sunanta a ciki.